Ɗaukar hoton bobkat a Kalifoniya, da abin da bizar karatu ta yarda da shi

Wani ɗalibi da ke karatu a arewacin Kalifoniya da bizar karatu irin F-1 ya rubuto cewa ya taɓa hango wata kyanwar daji mai guntun wutsiya a bakin hanya, aka ce masa bobkat ce, tun daga ranar yake son ɗaukar hotonta. Yana tambayar inda zai same ta, da kuma ko zai iya sayar da hotunan a intanet ya riƙa aika wa mahaifiyarsa ɗan abin cefane.

Ɗan'uwana, ka dace da wuri, domin gandun Point Reyes da ke gaɓar teku a arewa da San Faransisko yana cikin wuraren da aka fi ganin wannan dabba a fili, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Bobkat ta kusan ninka kyanwar gida a girma, jikinta ruwan ƙasa ne da ɗige-ɗige, akwai baƙin gashi a tsinin kunnuwanta, wutsiyar kuwa kamar an datse ta. Ana samunta tun daga kudancin Kanada har cikin Meziko, amma ɓoyo ya sa mutum yana iya shekara a kusa da ita bai sani ba. Ta fi fita da asuba da kuma gab da magariba, sai dai a makiyayun Point Reyes takan yi farauta da rana, musamman a watannin sanyi da ciyawa take gajera.

Abin da za ka nema shi ne wani ɗan dunƙule mai kama da kututture a tsakiyar fili. Takan zauna a bakin ramin ɓeran ƙasa, kunnuwa a miƙe, ta daɗe ba ta ko motsa ba, sannan ta yi tsalle ɗaya ta cusa ƙafafun gaba cikin ramin. Wannan tsallen shi ne hoton, kuma wanda ya gaji ya sauke kyamara shi yake rasa shi. Idan ka ga sawu a laka, ka duba ko akwai alamar farata: sawun kare yakan nuna su, na bobkat kuwa yawanci ba ya nunawa, saboda tana janye su idan tana tafiya. Ka nemi gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 400 ko sama, ko da haya ce, kuma ka zauna cikin mota idan ka tsaya a inda aka yarda, domin ta fi sabawa da mota a kan mutum a tsaye. Tazarar da aka saba gindayawa tsakanin mutum da dabba a gandayen gwamnatin tarayya irin Point Reyes ita ce yadi 25, an hana ba dabbobi abinci, an kuma hana tashin jirgi marar matuƙi tun 2014. Wadda ta nufo mutum ba tsoro tana tangaɗi, a nisance ta a gaya wa masu gadin gandu, domin ciwon haukan kare yana kama su.

Batun sayarwa shi ne ya fi damuna. Bizar F-1 ta yarda ka yi aiki a cikin harabar makaranta har sa'o'i 20 a mako lokacin karatu, duk wani aiki a waje kuma sai da izini na musamman, irin CPT ko OPT, wato izinin aikin samun horo da dole ya danganci fannin da kake karanta. Ɗaukar hoto da niyyar sayarwa sana'a ce a idon hukumar shige da fice, ko dala biyar ce ta shigo, kuma tura kuɗin zuwa asusun wani a gida ba ya wanke ka, tunda a ƙasar Amurka ka yi aikin. Na fahimci nauyin da ke kanka, amma ban ga hikimar jefa takardunka cikin haɗari saboda kuɗin da da wuya ya biya hayar gilashin ba. Kafin ka buɗe shafin sayarwa ko ka karɓi ladan gasa, ka je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku, ka tambayi jami'in da ke sa hannu a takardar shaidar ɗalibtarka ta I-20, ka kuma roƙi amsar a rubuce. Hotunan dai ka ajiye su da kwanan wata, ka tura wa Hajiya mafi kyau ta WhatsApp, ka kuma shirya amsa, domin za ta tambaye ka wanda ya yanke wa mage wutsiya.