Listeriya ko MS? Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta yi kwana huɗu tana zazzaɓi, ciwon kai da amai, sai bakinta ya karkace, tana ganin abu biyu-biyu, tafiya ma tangaɗi take yi. An ce ana zargin cutar MS. Mu kwantar da hankali?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ta lafiya. Zazzaɓin nan shi ya tsaya mini a rai. A cutar MS (multiple sclerosis) garkuwar jiki ce ke cin rufin jijiyoyi, kuma ba ta saba zuwa da zazzaɓi ba. Alamominta kan taso a hankali cikin kwanaki, sau da yawa mutum ya taɓa samun dishi-dishin ido ɗaya ko mutuwar hannu da ta tafi da kanta.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da Listeriya, ƙwayar cutar da ake ci a abinci, idan ta kama gindin ƙwaƙwalwa. Zuwa biyu take yi: da farko zazzaɓi, ciwon kai da tashin zuciya, sannan kwatsam fuska ta karkace, haɗiya ta gagara, murya ta shaƙe. A wannan gurbi cibiyar numfashi take, shi ya sa ba a jira. A kwantar da ita yau, kuma ku faɗa wa likitocinta zancen zazzaɓin da abin da ta ci a makonnin baya.

Tambaya: Likita, ashe hoton ƙwaƙwalwa na MRI ba ya raba gardama?

Amsa: Malam, yana taimakawa ƙwarai, amma duka biyun suna nuna farin tabo a gindin ƙwaƙwalwa. Abin dubawa shi ne sauran wurare. MS kan bar tabo tsofaffi da sababbi a gefen kogunan ruwan ƙwaƙwalwa, kusa da ɓawonta, da cikin laka. Listeriya takan taru wuri guda da kumburi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu zobe idan an yi allurar da ke haska hoto.

Sai gwajin ruwan laka, wanda ake ɗiba da allura a gadon baya. A MS fararen ƙwayoyin jini ba kasafai suke wuce 50 a kowace maikurolita ba, kuma akan ga wasu layukan furotin na garkuwa da babu su a jini. Idan adadin ya haura haka, a nemi wata cutar. Tarkon shi ne ruwan mai Listeriya ma yakan fito da ɗan canji kaɗan, sukari daidai, kuma a shuka shi a ɗakin gwaji ƙwayar ta ƙi tsirowa. Jini ya fi kama ta, don haka a ɗebi jini aƙalla sau biyu kafin allurar farko ta maganin kashe ƙwayar cutar.

Tambaya: Me zai hana a fara maganin MS a gani ko za a samu sauƙi?

Amsa: A nan ake asarar rai. Idan MS ta tashi ana ba da sitiroyid mai ƙarfi, giram 1 kullum na kwana 3 zuwa 5. Wannan danne garkuwa yake yi, Listeriya ta samu fili. Yana ma iya kawo sauƙi na ɗan lokaci saboda kumburi ya ragu, a ɗauka an dace, sannan ciwon ya dawo da ƙarfi. Wani babban bincike na Faransa da aka buga a 2017 ya gano mace-mace sun fi yawa cikin masu Listeriyar ƙwaƙwalwa da aka ba sitiroyid.

Matuƙar akwai zargi, amfisilin, maganin kashe ƙwayar cuta na dangin fenisilin, ake farawa ta jijiya, giram 2 duk awa 4 ga babba, sau da yawa haɗe da jentamisin, ba tare da jiran sakamako ba. Idan gindin ƙwaƙwalwa ya kamu, magani kan kai mako 6. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ana ba shi kotirimozazol. A lura, seftiriyazon da ake ba masu sanƙarau ba ya kashe wannan ƙwaya ko kaɗan. Jinkirta sitiroyid na kwana ɗaya ko biyu ba ya canza makomar mai MS.

Tambaya: Na ji ana cewa Listeriya ta fi kama masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki. Lafiyata ƙalau, ba ni da juna biyu. Ni ma tana iya kama ni?

Amsa: Tana iya, Hajiya. Wannan nau'i na gindin ƙwaƙwalwa yakan kama har masu cikakkiyar lafiya. Ana samunta a madarar da ba a dafa ba, cuku mai laushi, yankakken naman da ake ci da sanyi, da kyafaffen kifin firji. Tana hayayyafa ko a cikin firji, kuma alamu na iya ɗaukar har wata biyu kafin su bayyana. Zafin girki yana kashe ta, don haka a ɗumama ragowar abinci har ya yi tururi.