Amsa ga 'yar'uwar da fitsari ke kuɓuce mata bayan haihuwa

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da dare, kin ce wata huɗu ke nan da haihuwarki ta uku, kuma da kin yi atishawa, ko tari, ko dariya mai ƙarfi, sai fitsari ya ɗan zubo, har alwalar Magariba ba ta kai ki Isha. Kin kuma tambaya ko matsi zai gyara. Na ga masu kayan mata sun yi miki ca da tallarsu, shi ya sa na ce bari in zauna in amsa miki da tsawo, don ni ma na sha wannan, shekara biyu cur ina ɓoyewa.

Nawa ya fara ne bayan haihuwata ta huɗu. Yaron ya zo da girma, naƙudar kuma ta ja. Na koma ba na zuwa biki sai da audugar mata, in za mu yi tafiya a mota kuwa tun safe nake ƙaurace wa ruwa. Babu irin matsin da ban yi ba, har da na alif. Abin da na samu bushewa ne da raɗaɗi da ƙaiƙayi, fitsarin kuma yana nan. Sai wata rana da na kai yaron rigakafi na cije na faɗa wa ungozomar da ke wurin, ita ta tura ni sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki na asibiti.

Ga bayanin da aka yi mini a can. A ƙasan ƙugunki akwai tsoka a shimfiɗe, daga ƙashin mara zuwa ƙashin da ke ƙarshen gadon baya. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, kamar yadda majanyi ke riƙe goyo. Ciki ya danne ta wata tara, kan jariri ya zo ya buɗa ta, kuma ke sau uku aka yi haka. Majanyin ya saki. Da kin yi atishawa sai ciki ya turo ƙasa, ita kuma ba ta da ƙarfin tare ƙofar fitsari. Matsi fatar wurin kawai yake tsukewa na ɗan lokaci, ba ya isa ga tsokar. Tsoka kuwa motsa ta ake yi ta yi ƙarfi, ko ta dantse ce ko ta ƙasan ƙugu.

Atisayen ana ce masa Kegel, sunan wani likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, da ya yi rubutu a kansa a 1948. Ki yi fitsari tukuna, sannan ki kwanta rigingine ki ɗan lanƙwasa gwiwoyinki. Ki yi kamar iska na son fita kina cikin mutane kika riƙe ta, sai ki ja riƙon zuwa gaba kamar kina riƙe fitsari, ki ɗago shi sama zuwa ciki. Nan ne na yi mako biyu ina kuskure: ɗuwawu da cinyoyi nake matsewa, ina kuma ɗauke numfashi. In kina yi daidai, wanda ke zaune kusa da ke ba zai ga komai na motsi ba, kuma za ki iya magana. In kina shakka, ki wanke hannu ki sa yatsa ɗaya a gabanki, za ki ji tsokar ta kama shi tana ja sama. In kika ji tana turowa waje, yunƙuri kike yi, ki tsaya ki sake.

Da farko daƙiƙa 3 kawai nake iya riƙewa. Ki fara daga inda ƙarfinki ya tsaya, ki riƙa ƙarawa har ki kai 10. Bayan kowane riƙo ki saki gaba ɗaya na tsawon wannan lokacin, don sakin ma cikin aikin yake. Sau 8 zuwa 10 a zama ɗaya, sannan ki bi da na sauri, kama-saki, guda 10. Zama uku a rana. Ni na ɗaura abin da salla don kada in manta: bayan Asuba, Azahar da Isha, kafin in naɗe darduma. In kwance ya yi miki sauƙi ki koma yi a zaune, daga baya a tsaye, tunda a tsaye fitsarin ke kuɓucewa.

Wata uku ne mafi ƙaranci, haka ƙa'idar jinya ta Ingila ma ta tanada. Mata da yawa mako biyu suke yi su ce ba ya aiki. Ni sai a mako na shida na lura na yi atishawa a kicin ban jiƙe ba, a wata na huɗu na daina sayen auduga saboda wannan. Dabarar da ta fi taimakona da wuri ita ce: da na ji tari ko atishawa na tahowa, ko zan ɗaga yaro, sai in riga shi matsewa.

Kada ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yi ya zama atisayenki, yana hana mafitsara juyewa duka. Kada ki rage shan ruwa yadda na yi, fitsarin kauri yake yi ya ƙara takura mafitsara. Shayi da lemon kwalba masu sinadarin kafeyin, mai hana barci, su za ki rage. Ki kula da taurin bayan gida sosai, don yunƙurin kullum yana warware abin da kika gina. Zogale, alayyahu, gwanda da wake suna taimakawa wajen sassauta bayan gida. Jarkar ruwa mai lita 25 kuma a samu wani ya ɗauka miki a watannin nan.

Amma ina so ki duba abu ɗaya da kyau. In fitsarin zuba yake yi dare da rana, ko kina kwance, ba tari ba atishawa, musamman bayan doguwar naƙuda ko tiyata, wannan yana iya zama yoyon fitsari, wato huda ce tsakanin mafitsara da gaba. Atisaye ba ya rufe ta, aiki ake yi, kuma ana warkewa. Akwai cibiyar Babbar Ruga a Katsina, akwai ta Laure a Kano. Haka in kina jin wani abu kamar ƙwallo na saukowa ta gabanki, ko zafi wajen fitsari, ko jini, ko atisayen kansa na sa miki ciwo, ki je a duba ki tukuna.

Batun alwala kuma, ki sami malamarku ta Islamiyya ki gaya mata yadda abin yake, akwai hukuncin mai larurar fitsari kuma da sauƙi a cikinsa. Na daɗe ina sake alwala sau uku a salla ɗaya ina kuka, don kunya ta hana ni tambaya.

Har yau in na yi sakaci, mura ta kama ni da hunturu, abin kan so ya dawo, sai in koma zama ukun nan. Ki faɗa mana ko naki na tari da atishawa ne kawai, ko kina tashi da safe ki tarar shimfiɗa a jiƙe. Allah ya raya jaririn, ya ba ki lafiyar shayarwa.