Amsa: Shin ƙungiyoyin taimakon baƙi a New York abin dogaro ne?

Malama, kin ce ƙanenki ya isa New York daga Nijar wata huɗu da suka wuce, an nuna masa wata ƙungiya mai taimaka wa baƙi kyauta, amma yana tsoron kada bayanansa su jefa shi cikin matsala.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ba hukumar shige da fice ba ce. African Services Committee da ke unguwar Harlem, wadda 'yan gudun hijirar Habasha suka kafa a 1981, tana cikin sanannunsu. Aikinsu ya haɗa da gwajin lafiya, da tafinta, da haɗa mutum da lauya, kuma suna iya nuna masa yadda zai karɓi katin shaida na IDNYC, wanda birnin ke bai wa mazaunansa ba tare da tambayar matsayin takardunsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Idan mafaka yake nema, doka ta ba shi shekara ɗaya daga ranar shigowarsa ya miƙa takardar neman mafaka ta I-589, kuma wata huɗu sun riga sun tafi. Idan kotu ta sa masa rana, kada ya kuskura ya ƙi zuwa, domin alƙali na iya yanke hukuncin korarsa a bayan idonsa. Idan ya sauya gida, ya sanar da kotun da wuri.

Ya guji masu cike takarda a unguwa don kuɗi, musamman masu ƙirƙira masa labarin da bai faru ba. Shawarar shari'a sai daga lauya ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, kuma ya nemi tafintan Hausa ko Zabarmanci kafin ya sa hannu.