Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Malaman Yahudawa da Yaƙi da Bindiga a Unguwannin Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam na ga wani bidiyo a Facebook, malamin Yahudawa da 'yar hularsa tare da fastoci baƙaƙen fata har da wani limami suna tattaki wai a daina harbe-harbe a unguwanninsu a Amurka. Shin addininsu ne ya koyar da haka ko dai siyasa ce? Ni dai abin da nake gani a Gaza ya sa na kasa yarda. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Zafin da kake ji kan Gaza ba kai kaɗai ba ne, nima ina jinsa. Amma gwamnatin Isra'ila daban, Bayahuden da ke zaune a Shikago ko New York daban, cikinsu akwai masu goyon bayanta akwai kuma waɗanda suka fito titi suna adawa da yaƙin. Abin da ka gani kuwa ba wasan kwaikwayo ba ne, yana da tushe a littafinsu.

Ka fara da girman matsalar. A shekarar 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka bisa alƙaluman hukumar lafiya ta CDC, fiye da rabinsu ma su suka harbe kansu, sauran kuma mafi yawa kisan kai ne, kuma unguwannin talakawa baƙaƙen fata su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Tun 1791 tsarin mulkinsu ya ba mutane 'yancin riƙe makami, shi ya sa duk wata doka da za a kawo sai an kai ruwa rana.

To a Attaurarsu, littafin Firistoci sura 19 aya 16, an ce kada ka tsaya kana kallo ana zubar da jinin maƙwabcinka. Wannan ayar ita ce jigon komai. Malamansu na da kuma sun rubuta a littafin Mishna cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne gaba ɗaya, kuma ai ka san wannan maganar, tana nan a Suratul Ma'ida aya ta 32 inda Allah ya ce ya rubuta hakan a kan Bani Isra'ila. A fiƙihunsu ceton rai yana gaba da kusan kowace doka, har Asabar ɗin da suke tsarkakewa ana karya ta in rai na cikin haɗari. Talmud, babban littafin fiƙihunsu, ya hana sayar da makami ga wanda ake zargin zai yi kisa da shi, ya kuma hana ajiye mugun kare ko ruɓaɓɓen tsani a gida, to masu wannan fafutuka sai suka ce ina ga bindiga da harsashi a ciki an ajiye ta inda yaro zai iya ɗauka?

Bari in ba ka mutum ɗaya. Joel Mosbacher malamin Yahudawa ne, a 1999 aka harbe mahaifinsa a Shikago a wurin sana'arsa, ɗan fashi ne ya kashe shi. Bayan shekaru sai ya shiga gaba a wani gangami mai suna Do Not Stand Idly By, daga waccan ayar aka ɗauko sunan, ƙarƙashin Metro IAF, haɗakar coci-coci da masallatai da wuraren ibadar Yahudawa. Dabararsu ta burge ni sosai wallahi. Sun ga majalisar dokokin Amurka ta ƙi motsi kan dokar bindiga, sai suka ce to ai 'yan sanda da sojoji su ne manyan kwastomomin kamfanonin bindiga, kuma da kuɗin harajin jama'a ake saye, don haka suka riƙa bin magadan gari da shugabannin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya suna cewa kafin ku sake sayen bindiga ku tambayi kamfanin, wane mataki ka ɗauka kan dillalan da bindigoginsu ke ƙarewa a hannun masu aikata laifi, kuma ina maganar bindigar da ba ta tashi sai a hannun mai ita? Har Turai suka je neman ganin masu kamfanonin. Ba su ci nasara duka ba, kamfanoni da yawa sun yi kunnen uwar shegu, amma sun gano inda kuɗin yake suka matsa a nan.

TAMBAYA: Malam ba don an kai musu hari a wurin ibadarsu ba ne suka farka? Kowa ai kansa ya sani. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, harin da kike nufi na ranar 27 ga Oktoba 2018 ne a Pittsburgh, wani mai ƙin Yahudawa ya shiga wurin ibadarsu na Tree of Life ranar Asabar ya kashe mutum 11. Tabbas ya ƙara zaburar da su, kuma Musulmin Amurka sun tara sama da dala dubu 200 don taimakon iyalan mamatan. Amma aikin ya girme wannan harin nesa ba kusa ba.

Duba Shikago. Tun 1964 wani malaminsu Robert Marx ya kafa ƙungiyar JCUA don aiki da talakawan birnin. Kudancin Shikago, inda harbi ya fi yawa kuma baƙaƙen fata suka fi yawa, ya shafe sama da shekara 25 babu asibitin da ke da cikakken sashen karɓar manya masu mummunan rauni irin na harbi. A 2010 aka harbi wani matashi ɗan shekara 18 dab da asibitin Jami'ar Shikago, amma sai motar asibiti ta wuce da shi can wani asibiti mai nisan kusan mil goma, ya rasu. Abokansa matasan unguwa su suka fara zanga-zanga, aka yi ta kama su suna dawowa, daga baya Yahudawan JCUA suka shigo suka mara musu baya, alhali yawancinsu ba a wannan unguwar suke kwana ba kuma ba 'ya'yansu ake harbewa ba. A watan Mayu 2018 jami'ar ta buɗe sashen. Abin da ya fi kama ni a nan, ba su zo sun ƙwace ragamar ba, yaran unguwar ne a gaba su suna baya. A kudancin birnin akwai kuma IMAN, ƙungiyar Musulmi da Rami Nashashibi ya jagoranci kafawa a 1997, tana koya wa waɗanda suka fito daga gidan yari sana'ar gini.

Kada ki ɗauka bakinsu ɗaya fa. Akwai Yahudawan da ke cewa tarihinsu ya koya musu kada su yarda a raba su da makami, suna kafa hujja da maganar Talmud cewa in wani ya zo kashe ka to ka riga shi, har ƙungiya gare su tun 1989. Bayan Pittsburgh wuraren ibada da yawa sun ɗauki masu gadi da bindiga.

TAMBAYA: Za mu iya kwaikwayon wannan kan 'yan daba a unguwarmu? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Wani ɓangare eh, wani a'a. Can bindigar a shago ake sayar da ita da rasit, shi ya sa matsa wa kamfani ke da ma'ana, mu nan ta ɓarauniyar hanya take shigowa, faɗan daba kuma yawanci da wuƙa da adda ake yinsa. Wanda zai yi muku amfani shi ne tsarin da likita Gary Slutkin ya fara a Shikago a 2000, bayan ya yi shekaru yana yaƙi da annoba a Afirka. Ya ɗauki kisa a matsayin cuta mai yaɗuwa, sai ya ɗauki tubabbun 'yan daba aiki da albashi, in an harbi wani su ruga asibiti ko gidan makoki su tare abokansa kafin su fita ramuwa. Ku samu mai unguwa da limamin masallacinku, ku zauna ku fitar da mutum biyu ko uku da yaran ke jin maganarsu, ku kuma yanke tun farko daga ina za a riƙa ba su ɗan abin sayen abinci da kuɗin mai, don in aikin sa kai ne zalla ba ya daɗewa.