Kafin ka cika shuɗin durom, buɗe ambulan ɗin

Wani ƙanenmu ɗan Tudun Wadan Kaduna, da ya shekara ɗaya da rabi yana aikin kula da tsofaffi a Hambog ta ƙasar Jamus, ya aiko da kuka. Ya ce takardun talla sun addabi akwatin wasiƙunsa, shi kuwa kullum tattara su yake yi ya cusa a leda ɗaya da ɓawon albasa da ragowar shinkafa ya zubar. Mai kula da gidan ya liƙa masa gargaɗi har sau biyu. Tambayarsa: wace takarda ake zubawa a ina, kuma yaya zai yi da kalandar masallaci mai ayoyi? A ƙarshe ya ƙara da cewa Hajiyarsu na son ta share ɗakinsa na gida ta ba 'yan jari-bola tarkacen da ke ciki, shi kuma yana shirin ɗauko matarsa baɗi.

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a nema. Na zauna a Jamus shekaru kafin in dawo Kaduna, kuma abin da kake yi na yi shi. Mu da muka tashi inda tsohuwar jarida ba ta kwana, mai tsire ya naɗe nama da ita, mai ƙosai ta yage littafin ɗan makaranta, ba mu saba ganin takarda ta zama kaya a gida ba.

Batun durom ɗin shara ba shi da wuya. Shuɗi na takarda ne da kwali: jarida, mujalla, takardun talla, littafi, kwalin takalmi, kiret ɗin ƙwai. Ambulan mai 'yar tagar leda ma zuba shi, injin da ke jiƙa takardar yana tace ledar da ƙananan ƙarafan da aka manne shafuka da su. Kwali ka tattake shi ya kwanta, don durom ɗin na gidan duka ne, kuma ba abin da ke tunzura maƙwabci Bajamushe kamar ya ɗaga murfi ya ga kwali guda ya cinye wurin mutum goma. In tallan ya zo a naɗe cikin leda, zare ledar ka kai ta durom mai ruwan ɗorawa, inda kwalin madara da na lemo ke zuwa, saboda cikinsu leda ce ko da kana ganin takarda a waje. Abin da maiƙo ya taɓa, tishu, famfas, hoto, da rasit ɗin kanti mai santsi wanda rubutunsa ke gogewa, duk na baƙin durom ne. Shi ke nan.

Kada ka ɗauki gargaɗin nan a matsayin ƙiyayya. In masu kwashewa suka tarar an gauraya, suna iya barin durom ɗin, sai an biya kuɗin kwasa na musamman, kuma kuɗin yakan faɗo cikin lissafin hidimar gida da ake kawo wa 'yan haya ƙarshen shekara. Wato albasarka kowa ke biya.

Don tallan ya ragu, sayi 'yar takardar mannawa mai rubutun "Keine Werbung", wato ban da talla, ka liƙa a akwatinka. Dole masu rabawa su tsallake ka. Jaridun unguwa na kyauta za su ci gaba da zuwa sai ka ƙara "keine kostenlosen Zeitungen", wato ban da jaridun kyauta. Tallan kuma da ke zuwa da sunanka, akwai rajistar masu ƙin a aiko musu talla da ake kira Robinsonliste, shiga kyauta ne.

Amma ba wannan ya tsayar da ni a wasiƙarka ba. Cewa ka yi kana "tattara su" ka zubar. Kana buɗewa kuwa?

Jamus ƙasar wasiƙa ce. Ofishin baƙi, ofishin haraji, inshorar lafiya, kotu, mai gidan haya, duk ta akwatin nan suke magana da kai, kuma ambulan ɗinsu ba ya ado: fari ne ko toka-toka, yana kwance tsakanin tallan kaji da tallan katifa. Amma wanda ya fi kowanne haɗari shi ne ambulan mai ruwan ɗorawa. Ɗan aiken gidan waya yana rubuta kwanan wata da biro a jikinsa, kuma daga ranar da ya jefa shi a akwatinka doka ta ɗauka ka karɓa, ko kana aikin dare, ko kana Rigasa kana cin naman Sallah. Daga ranar wa'adi ke fara gudu. Takardar biyan bashi daga kotu, mako 2 gare ka ka ce ba ka yarda ba. Hukuncin wata hukuma, yawanci wata 1. In an sallame ka daga aiki, mako 3 kacal ka shigar da ƙara a kotun ma'aikata. Shi ya sa ambulan ɗin kansa ba a yar da shi, shi ne shaidar ranar.

Ni na sha wannan. Wani kamfani ya ce yana bina kuɗi kan wata yarjejeniya da na riga na soke. Wasiƙunsu na zuwa ina cewa talla ne, har mai ruwan ɗorawan ya zo ina gida jana'izar baffana. Na dawo na tarar da akwati ya cika har yana amai, na kwashe gaba ɗaya na zuba a shuɗin durom, ina jin kaina ɗan gari mai bin doka. Sai da aka taɓa asusuna na banki na san an yi shari'a an gama ba ni nan. Kuɗin da bai kai na cefanen mako ba ya ninka ya sake ninkawa. Don haka in za ka zo gida, bar wa amintacce makullin akwatin, ya riƙa ɗaukar hoton abin da ya zo yana turo maka ta WhatsApp. Ka kuma duba sunanka na nan a jikin akwatin, an rubuta shi daidai da na fasfo, don da suna ake raba wasiƙa a can.

Akwai wata wasiƙa da 'yan uwanmu suka fi yarwa: ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata kan kowane gida. Ba ruwansu da ko kana da talabijin. Yin shiru ba ya kashe ta, tara ta yake yi.

Sayi babban fayil irin na ofis. Takardar albashi ta kowane wata, takardar harajin shekara da wurin aiki ke bayarwa, duk abin da ya fito daga hukumar fansho, yarjejeniyar haya da ta aiki, takardar rajistar adireshi, su shiga ciki. A ƙa'idar gama-gari, izinin zama na dindindin yana buƙatar shekara 5 da shaidar biyan fansho na wata 60, kuma tun Yunin 2024 ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba tare da an ajiye fasfon Najeriya ba. Ranar da za ka ɗauko iyali ma takardun albashi da girman ɗakinka za su tambaya. Abin da ka tabbata ba ka buƙata amma yana ɗauke da sunanka da lambar asusu, yayyanka shi da almakashi kafin ya shiga durom.

Kalandar masallaci da duk takarda mai aya ko sunan Allah, kada ka haɗa ta da shara, zuciyarka ma ba za ta yarda ba. Malamanmu sun halatta ƙonawa ko binnewa a wuri mai tsarki, suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usman ya yi da sauran rubuce-rubucen Alƙur'ani bayan an haɗa mus'hafi guda. Amma don Allah kada ka kunna wuta a baranda ko a banɗaki. Na'urar jin hayaƙi na manne a rufin ɗakinka, kafin ka ce kwabo motar kashe gobara ta iso. Ware musu ambulan babba, in ya cika ka kai wa limaminku ka tambaye shi yadda suke yi da nasu.

Sai zancen Hajiya, kuma a nan ka yi sauri. Ƙarfe da tsohuwar fanka a ba 'yan jari-bola, su san yadda za su yi da su a Panteka. Takarda kuwa ko ƙyalle kada ya fita. Ofishin jakadancin Jamus ba ya karɓar takardun Najeriya da ka, yakan tura a bincika su a inda aka bayar, a je makaranta, a je unguwa, kuma ku za ku biya kuɗin binciken. A nan tsofaffin takardu ke da daraja: shaidar gama firamare, sakamakon WAEC, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, takardar aure, hotunan ɗaurin auren, naka da na matarka. Tsohon katin makaranta da ɓera ya ci gefensa ya fi sabuwar takardar rantsuwa ta jiya nauyi a wurinsu. Haka rasit ɗin fili ko na bulo in ka fara gini.

Kira Hajiya yau bayan Magariba, ka gaishe ta, ka roƙe ta ta sa a zuba duk wata takarda da ke ɗakin a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan wani abu saboda gara da damina, makullin kuma ya zauna a hannunta. Ka sa ƙanwarka ta ɗauki hoton kowace ɗaya, gaba da baya, ta turo maka kafin a rufe.