Amsa ga ƙanwarmu ta Aboabo: Landan, Amurka, ko a ƙarasa a Tek?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na ga tambayarki, aiki ne ya riƙe ni a wajen gini shi ya sa ban amsa da wuri ba. Kin ce kin gama digirin farko na zanen gine-gine a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi da muke kira Tek, kin kammala hidimar ƙasa, yanzu kuma takardu uku ne a hannunki: wata makaranta mai suna a Landan ta ba ki gurbin mastas na shekara ɗaya ba tare da tallafi ba, wata jami'ar jiha a Amurka ta ba ki M.Arch, wato mastas na zanen gine-gine, ta kuma yafe miki rabin kuɗin makaranta, sannan Tek ta ce ki dawo ki ƙarasa a gida. Ga kuma masu cewa ki haƙura ki nemi Jamus. Barka da arziki, Allah Ya sanya albarka. Ni ma a Tek na fara, na yi digiri na biyu a waje, na dawo Kumasi ina aiki, don haka zan gaya miki abin da na sani tsakani da Allah.

Ki ajiye maganar sunan makaranta tukuna. Tambayar da za ki fara yi wa kanki ita ce: a wace ƙasa nake so in riƙa sa hannu da hatimi a kan zane? Aikinmu na lasisi ne. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke cewa wane ne akitek, kuma takardun da take yarda da su kawai take kallo. A nan Ghana hanyar a fili take: shekara 4 na digirin farko, shekara 2 na M.Arch, sannan aƙalla shekara 2 kina aiki a ƙarƙashin wanda ya yi rajista, kafin ki zauna jarrabawar ƙwarewa sunanki ya shiga littafin ARC, hukumar da ke rajistar masu wannan sana'a, wadda dokarta ta samo asali tun 1969. Digirin da ke hannunki yanzu rabin tafiya ne. Duk inda za ki je, abin da kike nema shi ne rabin da ya rage.

A nan ne maganar Landan ta dame ni. A Ingila karatun kashi uku ne, mataki na ɗaya, na biyu da na uku, ƙarƙashin RIBA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya, da ARB, hukumar da ke yi musu rajista. Mataki na biyu, wanda ya yi daidai da M.Arch ɗinmu, shekara 2 ake yin sa. Yawancin mastas na shekara ɗaya da manyan makarantu ke tallatawa, na ƙwarewa ne a wani ɓangare, kamar tsarin birni, ko zane da kwamfuta, ko gini mai rage cin wuta. Ilimi ne mai kyau, ba na kushe shi, amma ba ya kai mutum ga lasisi. Na san wani ɗan unguwarmu da mahaifinsa ya sayar da fili ya tura shi irin wannan karatun. Ya dawo da takarda mai ɗauke da sunan da kowa ya sani, ya kai ta neman rajista, aka ce masa sai ya cike shekarun da suka rage. Har yau wani ne ke sa masa hannu a zanensa, ana raba kuɗin aikin. Ki buɗe shafin ARB ki duba ko sunan kwas ɗinki, kalma da kalma, yana cikin waɗanda suka amince da su, domin suna cikin sauya tsarinsu a 'yan shekarun nan. Sannan ki rubuta wa ARC a Accra ki tambaya ko za su karɓi wannan takardar idan kin dawo. A rubuce nake so su amsa miki, maganar baki ba ta tsayawa a fayil.

Sai kuɗi, kuma a nan zan daɗe. Ki tuna 2022. Mun shiga shekarar dala ɗaya tana kan sidi 6 da 'yan kai, kafin Nuwamba ta haura 14. Iyayen da suka yi lissafin shekara biyu sai suka tarar kuɗin bai kai na shekara ɗaya ba. Yara nawa aka hana yin rajistar zango na gaba a lokacin, ana ta kiran waya gida cikin dare, uwa tana bin masu adashi? Duk lissafin da za ki yi, ki yi shi da kuɗin ƙasar da za ki, na dukkan shekarun, ki ɗora wani abu a kai saboda faɗuwar sidi. Alkawarin kawu da ke Jamus ko na Alhajin da ya ce "je ki, za mu gani" kada ki sa shi a lissafi sai ya shiga asusu. Ba rashin yarda da dangi ba ne, kowa da nasa nauyin.

Ingila za ta nemi ganin kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a asusu kafin ki nemi biza, ga harajin lafiya fam 776 duk shekara, ga gwajin tarin fuka da ake sa 'yan Ghana su yi. Kin ambaci cewa akwai maganar aure, to ki sani tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya iya tafiya da mijinta ko matarsa. Wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi ta a gida tun yanzu.

Akwai kuma kuɗin da takardar makaranta ba ta faɗa. Situdiyo, wato ajin da ake aikin zane da haɗa samfuri, yana cin kuɗi. Kwali da katako na haɗa samfurin gini, yankan na'ura, buga manyan zane ranar kare aiki, kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajojin zane irin su Rhino da Revit ba ta tsaya ba, tafiyar ganin gine-gine da malami zai ce kowa ya biya wa kansa. Masu ce miki "ai za ki yi aiki ki biya" ba su taɓa zama a situdiyo ba. Doka ta ba ɗalibi awa 20 a mako, a Amurka ma a cikin makaranta kawai. Makon da za a kare aiki kuwa, barcin awa huɗu ma sai an yi sa'a. Na ga yarinya mai basira ƙwarai tana tashi daga wankin kwanuka a ɗakin cin abinci ƙarfe goma na dare, ta zo ta zauna tana manna kwali hannunta na rawa. Aikinta bai taɓa nuna iyakar abin da ta iya ba, kuma wannan aikin ne za ta nuna wa masu ɗaukar ma'aikata.

Yanzu takardar Amurka. Ita ce ta fi jan hankalina a cikin na waje, amma sai kin tone ta. Da farko, M.Arch ɗin, NAAB, hukumar da ke tantance irin wannan kwas a Amurka, ta amince da shi? Makaranta ɗaya tana iya samun kwas biyu masu kusan suna ɗaya, ɗaya na lasisi ɗaya ba na lasisi ba. Sannan shekara nawa suka rubuta miki? Wanda ya zo da digirin shekara 4 irin namu ana iya sa shi a layin shekara 2, ana kuma iya mayar da shi layin shekara 3 ko uku da rabi tare da waɗanda ba su taɓa riƙe fensir ba, gwargwadon yadda suka karanta sakamakonki da kundin ayyukanki. Idan sun sa ki a dogon layi, ki aika musu bayanin kowane darasi da kika yi a Tek, musamman na ƙarfin gini da kayan gini, ki nemi su sake dubawa. Ana yi, kuma ana dacewa. Shekara ɗaya da aka rage miki ta fi kowane ƙaramin tallafi.

Rabin da suka yafe, na shekarar farko ne ko har ki gama? Akwai sharaɗin maki? Akwai aikin taimaka wa malami da ke zuwa da alawus da inshorar lafiya? Ki rubuta musu cikin ladabi ki ce kina son zuwa, ga gibin da ya rage, me za su iya ƙarawa. Mu an tashe mu da kunyar roƙo, amma su a wajensu wannan tambaya ce ta yau da kullum, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, in ba ki faɗa ba ba wanda zai sani.

Idan takardar I-20, wadda makarantar Amurka ke bayarwa don neman bizar karatu, ta zo, ki duba layin da aka rubuta fannin karatu, akwai lamba a gefensa. Bayan kammalawa kowa yana da wata 12 na izinin aiki. Idan lambar tana cikin rukunin STEM, wato kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, kamar 04.0902 da makarantu da yawa suka koma kanta, ana iya ƙara wata 24. Bambancin babba ne, domin lasisin Amurka yana buƙatar awa 3,740 na aikin horo ƙarƙashin NCARB, majalisar hukumomin ba da lasisin sana'ar a can, da jarrabawa kashi 6, wanda ba ya yiwuwa a shekara ɗaya. Bayan nan zama ya dogara ne da bizar aiki ta H-1B, wadda guraben da ake rabawa a shekara 85,000 ne kuma masu nema sun ninka haka. Kada ki ci bashi da niyyar za ki biya da albashin Amurka na shekara goma. Ba a hannunki yake ba.

Jamus a taƙaice: yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, ban da jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga baƙi, da TU Munich da ta fara karɓa a 2024. Amma sai kin kulle kusan Yuro 12,000 a asusu don shekara ɗaya, kuma ofisoshin zane da Jamusanci suke aiki. In zuciyarki na can, ki fara zuwa Goethe, cibiyar koyon Jamusanci a Accra, ki kuma leƙa ofishin DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne me za a koya miki. A ƙasashen sanyi duk tunanin bango shi ne yadda za a riƙe ɗumi a ciki. Za ki ƙware a bango mai hawa-hawa na katako da auduga da leda, ki dawo ki tarar da bulon siminti, kwano, birkila da ke jiran ki nuna masa a ƙasa, da mai gida da ke son gilashi ta gabas da yamma. Matsalarmu zafi ce, da ruwan sama mai ƙarfi, da kwata da ke cika ta shiga ɗakunan mutane kamar yadda kike gani a Aboabo duk damina, da gidan haya mai ɗaki goma sha da banɗaki ɗaya. Don haka ki nemi makarantar da za ta bar ki ki yi aikin ƙarshe a kan garinku, da malamin da zai iya duba shi da ilimi. Francis Kéré na Burkina Faso a Berlin ya yi karatu, amma makarantar firamare ta tubalin ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, yana ɗalibi, ita ta buɗe masa hanya har ya karɓi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta wannan sana'a, a 2022. Mariam Issoufou ta Nijar a Jami'ar Washington ta yi M.Arch, ta koma Dandaji, garin Hausawa, ita da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo da tubalin ƙasa. Ita ma jami'ar jiha ce ta yi. Ki shiga shafin kowace makaranta ki kalli ayyukan 'yan ajin ƙarshe, ki nemi ɗaliban Afirka biyu da ke can yanzu ki tambaye su wa ke koyar da situdiyo da gaske, domin babban sunan da ke kan takardar talla wani lokaci sau biyu ake ganin sa a zango.

Kada kuma ki raina Tek don ta gida ce. Tun 1958 ake koyar da wannan fanni a can, kuma a shekarun 1960 mutane daga Turai suke zuwa Kumasi koyarwa da aiki a kan ginin ƙasashen zafi. Ki tsaya gaban Unity Hall, masaukin ɗalibai na Tek, aikin da John Owusu Addo ya sa hannu a ciki, ki ga yadda aka yi wa iska hanya aka kuma tare rana. Akwai ƙarancin kayan aiki, akwai cunkoso, na sani. Amma wanda ya ƙarasa a nan yana fita da sanin dokar ginin Ghana ta 2018, da sanin ofishin ba da izinin gini, da abokan aji da gobe su ne za su kira shi aiki.

Maganar addini da zaman ke kaɗai, wadda na san ita ce ke hana Hajiya barci. Ki tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta makarantar: ina masallaci, ina ake samun naman halal, akwai motar makaranta da ke kai ɗalibai gida da dare? Situdiyo sau da yawa yana faɗawa ranar Juma'a da rana, kuma azumi yana iya haɗuwa da makon kare aiki. Da hijabina na yi nawa karatun, na shiga ɗakin injin yankan katako da shi, sai dai in cusa bakinsa cikin riga saboda na'ura. Idan kin samo waɗannan amsoshin kika zauna kika nuna wa iyaye ɗaya bayan ɗaya, hankalinsu zai fi kwanciya.

Ga inda na tsaya. Landan a wannan yanayin, a'a. Amurka, eh, idan sun tabbatar a rubuce cewa na NAAB ne, shekara 2 ne, tallafin zai kai ki ƙarshe, kuma ragowar kuɗin yana hannu ba tare da an sayar da gidan gado ko an ci bashi mai ruwa ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, ki koma Tek ki ƙarasa, ki yi aiki, ki karɓi lasisinki. A lokacin ne mastas na shekara ɗaya zai yi miki amfani, domin kin san abin da kike nema, kuma kin cika sharaɗin shekara 2 na aiki na Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na zama da na jirgi, da sharaɗin ki dawo gida shekara 2 bayan kin gama. Ki tambayi makarantar Amurkan ko za su ɗage miki gurbin zuwa baɗi idan lissafin bai cika bana ba, amma ki tambaya har da tallafin, domin wasu gurbin kawai suke ɗagewa.

Ki rufe sunanki da lambarki a takardun nan biyu na Landan da Amurka ki turo min ta akwatin saƙo, in sha Allahu zan karanta su layi-layi bayan sallar Isha'i. Ki gaida Hajiya.