Ku Tambaya Mu Amsa: Su waye masu gangar nan na bidiyon Michael Jackson?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ka raba mana gardama, ni da abokaina a nan Samaru mun kalli bidiyon Michael Jackson ɗin nan na "They Don't Care About Us", rigar shi an rubuta Olodum, wani ya ce a Legas aka ɗauka wani kuma ya ce ai yaran shi ne ya haya. Wanne ne gaskiya? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa'alaikassalam ƙanina. To duk cikin su babu wanda ya canka. A Brazil aka ɗauka a 1996, wani ɓangare a Rio, wurin gangunan kuma a unguwar Pelourinho ta birnin Salvador, jihar Bahia, Spike Lee ne daraktan. Kuma wallahi ba yaran kowa ba ne, Olodum ƙungiyar makaɗa ce mai zaman kanta tun 1979, shi Michael ɗin ma baƙo ya zo musu, kafin shi mawaƙin Amurka Paul Simon ya yi aiki da su a 1990.

Abin da ya sa nake ganin girman su shi ne inda suka fito. Pelourinho fili ne da ake ɗaure bayi a yi musu bulala a bainar jama'a, bayan an hana bauta a 1888 unguwar ta koma ta talakawa baƙaƙen fata wadda kowa ke ƙyama, to samarin wurin ne suka ce su ma sai sun fito a bikin kanibal da nasu kiɗan, bikin da gari ke cika maƙil kamar ranar hawan sallah a ƙofar fada. Babban makaɗin su Neguinho do Samba, wanda ya rasu a 2009, shi ya haɗa samba, kiɗan Brazil, da rege aka samu salon samba-reggae, manyan ganguna rataye a ƙugu an shafe su da kore da ja da ruwan ɗorawa da baƙi, mutum ya ɗaga ganga sama da kai kiɗa bai tsaya ba. A 1987 suka yi waƙar fir'aunan Masar don yaran su san Afirka na da tarihi, sannan suka buɗe makaranta ana koya wa yaran unguwa kiɗa da tarihin baƙar fata.

Abokinka mai cewa Legas kuma kar ka yi masa dariya sosai, Yarbawa da yawa aka kai Bahia, har da mu Hausawa. A 1807 bayi Hausawa suka shirya tawaye a Salvador aka tona asirin su, a watan Janairun 1835 cikin azumi musulmi suka sake tashi, yawanci Yarbawa da wasu Hausawa, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Titunan da ka gani a bidiyon nan, a tsohon garin ne aka yi wannan artabun.